Yadda Ake Rubuta Wasiƙar Neman Aiki, Daga Karanta Sanarwa Zuwa Miƙa Ambulan

Duk sa'ad da aka ji ƙishin-ƙishin ɗaukar ma'aikata a Bauchi, na gwamnati ne ko na ƙungiyar agaji ko na makarantar kuɗi, roƙo ɗaya ne ke ta shigo min: "Malam, don Allah a taimaka min da samfurin wasiƙar neman aiki." Samfuri ai ba ya wuyar samu. Kowane shagon kwamfuta daga Wunti har Gwallameji yana da nasa a ajiye, a goge sunan wani a sa naka, a buga maka nan take. Illarsa ita ce shi aka buga wa wanda ya riga ka, shi za a buga wa na bayanka, kuma duk a teburi ɗaya za ku haɗu. Mai tace takardun yana ganin layin farko zai gane ta, ya ture gefe.

Saboda haka ba samfuri zan ba ka ba. Zan bi da kai yadda ake yin ta tun daga tushe, har ka fito da wasiƙar da ba za ta dace da kowa ba sai kai. Kusan duk ma'aikatun nan da Turanci ake rubuta musu, amma misalaina da Hausa zan kawo su, ban da 'yan kalmomin da dole a rubuta su yadda suke. Wanda ya san abin da zai faɗa da Hausa, mayar da shi Turanci mai sauƙi ba zai gagare shi ba.

1. Karanta sanarwar da biro a hannu

Kada ka dogara da "an ce ana ɗauka", ko guntun saƙon da aka yi ta turawa a WhatsApp har aka rasa kansa da gindinsa. Nemo asalin sanarwar a jarida, ko a shafin intanet na ma'aikatar, ko a allon sanarwar ofishinsu. Karanta ta sau biyu. A karo na biyu ka ja layi a ƙarƙashin sunan muƙamin yadda suka rubuta shi, da lambarsa in akwai; takardun karatu da shekarun gogewar da suke so; ayyukan da mai muƙamin zai riƙa yi; wanda za a rubuta wa; sai hanyar miƙawa da ranar rufewa.

Wajen ayyukan nan shi mutane suka fi tsallakewa, alhali a nan aka ba su satar amsa. In sanarwa ta ce ana son wanda zai shiga ƙauyuka yana tattara bayanai da waya, mai jin Hausa, in da Fulfulde ya fi, to sun riga sun gaya maka abin da za ka rubuta. A kasuwar Muda Lawal, wanda ya zo neman albasa ba ka tsayawa yi masa tallar tattasai, komai kyansa.

Ka lura da ƙananan sharuɗɗa. Wasu ma'aikatun gwamnati har yanzu sukan ce a rubuta wasiƙar da hannu, kuma in sun ce haka bugaggiya ba za ta karɓu ba. Jami'o'i da kwalejoji sukan nemi kwafi da yawa, su ce a rubuta sunan muƙamin a kusurwar ambulan, su kuma ce masu ba da shaida a kanka su aika da nasu wasiƙun kai tsaye ga Magatakarda. Ƙungiyoyin agaji galibi ta imel ko ta shafinsu suke karɓa.

Hattara: duk sanarwar da ta ce ka tura kuɗi asusun wani mutum don a riƙe maka gurbi, ko ta nemi lambar katinka na ATM, ka kama kanka. 'Yan damfara sun san lokacin da matasa ke cikin matsi, kuma har tambarin ma'aikata suna iya mannawa.

2. Haɗa kaya kafin ka fara rubutu

Za ka buƙaci farar takarda A4, biro baƙi ko shuɗi, babban ambulan mai ruwan ƙasa wanda takarda za ta shiga ba tare da an ninke ta ba, da CV ɗinka, wato takardar taƙaitaccen tarihin karatunka da ayyukanka, wanda ka sabunta. Sai kwafin takardu: satifiket ɗin makaranta, sakamakon WAEC ko NECO, takardar gama bautar ƙasa ko ta yafewa ga wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya gama karatu, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, shaidar ƙaramar hukuma, da lambar NIN. Mai sana'ar da ke da lasisi ya haɗa da shi: TRCN ga malami, COREN ga injiniya, lasisin hukumar jinya da ungozoma ga ma'aikaciyar jinya.

Kuɗin yana tafiya ne a wajen bugu, fotokwafi, hoton fasfo, data da kuɗin Keke, kuma farashin bugu yakan tashi in babu wuta aka kunna janareta. Ga hanyar rage shi. Rubuta wasiƙar da kanka a waya da WPS Office ko Google Docs, ka mayar da ita PDF, ka je shago a buga kawai, ka huta da kuɗin mai rubuta maka a kwamfuta da kurakuransa. In kwafi goma ake so, buga ɗaya mai kyau a yi fotokwafin sauran, sannan ka sa hannu a kowanne da biro. Bugu mai kala asarar kuɗi ne a nan. Shagunan da ke kusa da manyan makarantu, irin na wajen jami'ar ATBU a Yelwa, galibi sun fi sauƙi saboda yawansu.

Hattara: duba sunanka a duk takardun. In satifiket ya ce Mohammed, NIN ya ce Muhammad, wata takardar kuma an sa sunan gari a ƙarshe, ka je kotu ka yi takardar rantsuwa tun kafin a kira ka tantancewa. A wasiƙar kuwa, rubuta sunan da ke kan satifiket ɗinka. 'Yar'uwar da ta canza suna bayan aure ta haɗa da shaidar canjin.

3. Tsamo hujja biyu daga rayuwarka

Wannan matakin shi ne ƙashin bayan aikin, kuma a takardar banza ake yin sa kafin a taɓa kwamfuta. Raba takardar biyu. A hagu rubuta abin da sanarwar ta ce ana so. A dama, daura da kowanne, rubuta abin da ka taɓa yi da hannunka da ke nuna ka iya: a ina, yaushe, mutum nawa ko kaya nawa, kuma me ya biyo baya.

A nan ne yaranmu ke cijewa. An tashe mu a kan cewa yabon kai jahilci ne, kuma gaskiya ne. Amma wanda ya ce "na koyar da lissafi a aji uku na ƙaramar sakandare tsawon shekara guda" bai yabi kansa ba, labari ya bayar, wanda za a iya zuwa a tambaya. Wanda ya yabi kansa shi ne mai rubuta "ni haziƙi ne, mai gaskiya, mai aiki tuƙuru" ba tare da ko shaida ɗaya ba. Abin takaici, wannan ɗin muka fi rubutawa, muna ganin shi ne ladabi, mu bar ainihin abin da muka yi a aljihu.

Sai kuma mai cewa "ai ni ban taɓa aiki ba". Zauna ka tuna da kyau. Bautar ƙasa aiki ce. Koyarwar gwaji ta masu NCE aiki ce, haka SIWES, wato zuwan ɗalibai sanin makamar aiki, haka shirin N-Power. Wanda ya yi aikin wucin gadi a zaɓe ya san sarrafa na'ura a gaban jama'a masu gajen haƙuri. Wadda ta bi gida-gida a rigakafin shan inna ta san yadda ake shawo kan maigidan da ya ce ba za a shiga masa gida ba, kuma ƙungiyoyin lafiya irin wannan suke nema ido rufe. Riƙe littafin shige da fice a shagon kawunka, zaman POS, koyarwa a Islamiyyar unguwa, zama ma'ajin ƙungiyar matasa, duk abin faɗa ne in ya dace da muƙamin.

Daga cikin abin da ka tara, zaɓi biyu mafi ƙarfi, iyaka uku. Sauran su zauna a CV.

Hattara: ramin ƙarya ƙurarre ne. In ka ce ka iya Excel, a ranar intabiyu ana iya juyo maka da kwamfuta a ce bismilla. Rubuta iyakar abin da za ka iya karewa.

4. Tsara kan wasiƙar

Adireshinka a sama ta hannun dama, da lambar waya da imel, kwanan wata a ƙasansu, rana kafin wata kafin shekara. Sai ka sauko ta hagu ka rubuta muƙamin wanda ake aika wa da adireshin ma'aikatar. Sanarwa takan faɗi wane ne. In ba ta faɗa ba: jami'a ko kwaleji Magatakarda ne, ma'aikatar gwamnati Babban Sakatare, hukumar ɗaukar ma'aikata Shugabanta, kamfani shugaban sashen ma'aikata, makarantar kuɗi shugaban makaranta ko mai ita. Ma'aikacin gwamnati da ke neman wani gurbi a cikin gwamnati yakan bi ta hannun shugabansa, sai ya ƙara layin "Through" da muƙamin shugaban, shi kuma ya sa hannu.

Gaisuwa ita ce "Dear Sir" ko "Dear Madam". In ba ka tabbatar ba, haɗa biyun. Ya fi ka kira Hajiyar da ke riƙe da ofis "Sir" a layin farko. Ƙarƙashin gaisuwar sai take da manyan baƙaƙe, "APPLICATION FOR THE POST OF", sannan sunan muƙamin harafi da harafi yadda yake a sanarwa.

Hattara: lambar da za ka sa ta zama wadda ke hannunka kullum, ba ta yayanka da ke Azare ba. Imel kuma ya zama mai sunanka na yanka. In wanda kake da shi laƙabin samartaka ne, buɗe sabo, kyauta ne.

5. Sakin layi na farko

Jimla biyu ko uku sun isa: muƙamin da kake nema, inda ka ga sanarwar da ranarta, sai abu guda da ya sa ka cancanta. Misali: "Ina neman gurbin malamar lissafi da kuka sanar a allon makarantarku. Ina da NCE a lissafi daga Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare, ina da rajistar TRCN, kuma na koyar a ƙaramar sakandare shekara biyu."

Ka bar tsohon salon nan na "I humbly beg to apply", da doguwar gaisuwa da tambayar iyali. Wajen gaisuwa daban, za mu zo kansa.

6. Cikin wasiƙar

Yanzu ka ɗauko hujjojin nan na mataki na uku, kowace ka ba ta sakin layi gajere. Ga yadda aka saba rubutawa: "Ni mai ƙwazo ce, ina son yara, kuma in aka ba ni dama zan yi iya ƙoƙarina don ci gaban wannan makaranta mai albarka." Babu laifi a ciki, sai dai babu komai a ciki. Duk wanda ya nemi gurbin zai iya sa hannu a ƙarƙashinta.

Mu ɗauka ita wannan malamar ta zauna ta tuna abin da ta yi. Sai ta rubuta: "A makarantar da na koyar, ajina na JSS 2 yana da ɗalibai 64, kuma na tarar da yawancinsu ba su iya raba lamba ba. Na raba su rukuni-rukuni, na ware minti 15 na farkon kowane darasi don bita, ina fara bayani da Hausa kafin in koma Turanci. Zuwa zango na uku, waɗanda suka ci jarrabawar lissafi sun tashi daga 21 zuwa 43." Shugaban makarantar da ya karanta wannan ya riga ya hango ta a gaban allo. Ya san ta saba da aji mai cunkoso, ya san tana lura, ya kuma sami abin da zai tambaye ta ranar ganawa. Lambobin su zama na gaskiya, waɗanda za ki iya nunawa a littafin sakamako. In ba ki riƙe adadi ba, faɗi abin da kika yi da abin da ya canza, ba sai kin ƙirƙiro ba.

Haka mai neman aikin tattara bayanai zai yi: ya faɗi ƙaramar hukumar da ya yi aiki, Ningi ce ko Alkaleri ko Dass, gidaje nawa yake zagawa a rana, wace manhaja ya yi amfani da ita, KoboCollect ko ODK, da harsunan da yake ji. Jin Fulfulde ko Jarawanci ko Sayanci ba ƙaramin jari ba ne a wannan aikin, amma sau da yawa sai ka ga an manta ba a rubuta ba.

Bayan hujjojin, ƙara jimla ɗaya ko biyu a kan dalilin da ya sa su ɗin kake nema. Wannan sai ka ɗan yi bincike: me suke yi, a waɗanne garuruwa, me ya haɗa ka da shi. Jimla ɗaya da ke nuna ka san aikinsu ta fi layi biyar na kirari.

Hattara: kada ka rubuta halin da kake ciki. Na san da ciwo. Mahaifi ya rasu, ƙanne na kanka, shekaru sun tafi ba aiki, duk gaskiya ne, Allah ya kawo mafita. Amma mai karantawa an ɗora masa nemo wanda zai iya aikin ne, kuma wasiƙar da ta zama ta neman taimako takan sa a ɗauka mai ita ba shi da abin nunawa. Haka kuma kada ka kushe inda ka bari, kada ka ambaci albashi sai in sun tambaya, kada kuma ka jero duk makarantun da ka yi tun daga firamare, aikin CV ke nan.

Mai son ya nemi taimakon ChatGPT ko makamancinsa wajen gyara Turanci, babu laifi, amma bayan ya rubuta nasa. In ka bar masa aikin duka, zai ba ka kalmomi masu ƙyalli da ba za ka iya maimaitawa da bakinka ba, kuma masu tacewa sun fara gane su.

7. Rufewa da sa hannu

Faɗi takardun da ka haɗo, ka ce a shirye kake a kira ka ganawa, ka yi godiya a jimla ɗaya. In da "Dear Sir" ko "Dear Madam" ka buɗe, rufe da "Yours faithfully". In sunan mutumin ka kama, "Yours sincerely". Bar fili, sa hannu da biro, cikakken sunanka a ƙasa. Duka wasiƙar kada ta wuce shafi ɗaya, da rubutu irin Times New Roman mai girman 12.

8. Duba, ka ba wani ya duba

Ajiye ta ta kwana in da lokaci. Washegari karanta ta da ƙarfi, kunnenka zai kama abin da ido ya tsallake. Sannan ka kai wa wanda ya fi ka Turanci, tsohon malaminka ko wani ma'aikaci a unguwa, ka ce, "Malam, a duba min, kada a ji nauyina."

Hattara: kuskuren da ya fi kashe wasiƙa shi ne barin sunan wata ma'aikata a ciki, saboda an ɗauko tsohuwar wasiƙa an gyara sama an manta tsakiya. Duba sunan ma'aikatar, sunan muƙamin, kwanan wata da lambar wayarka ɗaya bayan ɗaya, da yatsa a kai.

9. Miƙawa

In hannu da hannu ne, jera su haka: wasiƙa a sama, CV, sannan kwafin takardu daga mafi girma zuwa ƙarami. Maƙale su a kusurwa, saka a ambulan, rubuta adireshi da sunan muƙamin a bayansa. Ka tafi da ƙarin kwafin wasiƙar a hannu, domin a ofishin karɓar wasiƙu a buga maka hatimin shaidar karɓa da kwanan wata. Ranar da aka ce ba a ga takardarka ba, wannan kwafin ne zai yi maka magana.

Ga inda gaisuwar da muka cire daga wasiƙa take da amfani. Yi shiga mai tsabta, ka je da safe, ka yi sallama, ka gaida maigadi da masinja da akawun da zai karɓa kamar yadda za ka gaida Yallaɓai. "Baba, ina kwana, don Allah ina ake miƙa takardun neman aiki?" Su ne suka san ƙofar da ta dace, su ne kuma za su ɗauki fayil ɗin.

In ta imel ne, haɗa wasiƙar da CV a PDF, a fayil ɗaya ko biyu yadda suka ce. Sa wa fayil ɗin sunanka da muƙamin, kada ka bar shi "Document1". A layin take, wato "Subject", rubuta abin da sanarwar ta ce a rubuta, babu ƙari babu ragi, domin wasu da shi suke rarraba saƙonni. Cikin saƙon ka rubuta layi biyu ko uku na gabatarwa, kada ka tura shi fayau. Takardun da za ka ɗauka da waya, shimfiɗa su a wuri mai haske ka yi amfani da manhaja irin CamScanner, kada tabarma ko yatsanka su fito a hoton. Fara tura wa kanka ka buɗe ka gani.

Hattara: asalin satifiket ba ya shiga ambulan, kwafi kawai ake bayarwa, asalin sai ranar tantancewa kuma a gabanka. Kada kuma ka jira ranar ƙarshe. Ranar ce layi ke tsawo, shafi ke cushewa, sabis ke ɗaukewa.

10. Bayan ka miƙa

Samu ɗan littafi ka riƙa rubuta inda ka nema, muƙamin, da ranar da ka miƙa, ka kuma ajiye kwafin kowace wasiƙa tare da sanarwarta. Kira yakan zo bayan watanni, kuma ba daɗi a ce maka daga wuri kaza ake kira ka ce "wane aiki ke nan?" Baƙuwar lamba in ta shigo, ɗauka da sallama da natsuwa. Ka riƙa leƙa imel ɗinka kullum, har da akwatin da saƙonnin banza ke faɗawa, don gayyata takan ɓuya a can.

In sanarwa ta ce waɗanda aka zaɓa kaɗai za a tuntuɓa, ka bar su. In ba ta ce ba, bayan mako biyu ko uku da rufewa kana iya tambaya sau ɗaya, cikin ladabi, ta hanyar da ka miƙa. In an kira ka ganawa, daren ranar ka ɗauko kwafin wasiƙar ka sake karantawa, domin daga hujjojin nan biyu da ka rubuta tambayoyin farko za su fito.